Tulun Shaida na Birnin Darzuma

Da sunan Allah wanda ya shimfiɗa ƙasa ya kafa duwatsu, ya zuba ruwa inda ya so, wani ya yi shi da sanyi wani da zafi, ya kuma ba ɗan Adam harshe ɗaya tak, bai ba shi na canji ba.

Bayan haka, ni ne Barmo ɗan Ilu majemi. Ni ne na ɗaure wutsiyar jakuna bakwai wuri guda ranar kasuwa, na koma gefe ina taya masu su salati. Karatuna kuwa, shekara uku na yi gaban Malam Cindo, masanin ɗabi'ar abubuwa, kuma da na zarce da yanzu ni ake tambaya. Ranar da zai buɗe mana babin ruwa da wuta, a ranar na saka masa kwaɗo a buta. Ya ce in tafi, in na yi hankali in dawo. Har yau ban koma ba, don ba na son in yi wa malamina ƙarya.

Sai na fita neman arziki. Na ratsa jejin shuɗin yashi, inda iska ke kiran mutum da sunan uwarsa. Na kwana arba'in a ƙasar da kaji ke da ƙaho, na bar ta a guje saboda wata 'yar magana tsakanina da zakaran sarkinsu. Daga nan na bi ayarin masu gishiri wata biyu, har muka gangara cikin wani ƙaton kwari tsakanin duwatsu. A nan Birnin Darzuma yake, bakin wani tafki mai ban mamaki. Gaɓarsa ruwa ne mai sanyin karya haƙori, tsakiyarsa kuwa tururi ke tashi dare da rana, don wuta ce ke ci a ƙarƙashinsa.

Abin da na fara lura da shi a birnin shi ne ba a hira. Kasuwa cike, amma sai ka ji ƙarar takalmi. Mai saye ya nuna, mai sayarwa ya ɗaga yatsu, shi ke nan. Ni kuwa wata biyu ina tare da raƙuma, bakina ya cika fal. Na hau kan wani turmi na soma ba su labarin yadda na yi kokawa da kada a cikin rijiya, na kayar da shi, na sa shi ya ba ni haƙuri.

Wata tsohuwa mai dafa gishiri, Inna Tabawa, ta ja gefen rigata. "Ɗan nan, sauko. Nan ba a yin haka."

"Inna, ban ma zo wurin da kadan ya yi kuka ba."

Ban kuwa zo wurin ba. Dogarai biyu suka ɗauke ni daga kan turmin kamar ƙullin kaya, sai gaban Alƙali Mijinyawa.

Ga yadda suke shari'ar ƙarya. A tsakar gidan alƙali akwai wani baƙin dutse, ba rumfa ba inuwa. A kansa ake ɗora tulun shaida, wani tulun tagulla mai dogon wuya na ƙarau, siriri kamar karan dawa, ana ganin ruwa a ciki. Da hantsi ake cika shi daga rijiya mai sanyi har ruwan ya hau wuyan, sai a ɗaura jan zare yatsu huɗu sama da ruwan. Wanda ake tuhuma ya tsaya ya yi bayani. Sun ce ruwa ba ya jure ƙarya, in ya ji ta sai ya kumbura don fushi. In ya wuce zaren, a yanke wa mutum harshe.

Da na ji haka sai na yi dariya a raina. Na taɓa shawo kan mahaukacin sa da baki, tulu ne zai gagare ni? Na gyara murya na fara tun daga haihuwata. Ba wanda ya katse ni. Na yi ta zuba, rana na ta hawa, ina jin daɗin yadda kowa ya zuba mini ido. Ashe ba ni suke kallo ba, wuyan tulun suke kallo. Kafin azahar ruwan ya wuce zare, ya kai baki, yana gangarowa ta gefe.

Alƙali Mijinyawa mutum ne siriri mai ƙananan idanu, ba ya ɗaga murya. Ya ce, "Shekara talatin ina nan, ban taɓa ganin ya zuba ba. Bayan kwana uku a yanke. Baƙo yana da damar tsayawa karo na biyu kafin nan, in akwai mai karɓarsa."

Inna Tabawa ce ta aiko daga ƙofa cewa ta karɓe ni, don mata ba sa shiga tsakar gidan.

Ta kai ni rumfar da take dafa gishiri, ta ba ni aikin iza wuta. A nan na ga mijinta, Baba Korau, wani ƙaton tsoho mai tuƙa kwalekwale. Na gaishe shi sau uku bai amsa ba. Na ce a raina girman kai ne. Sai da ya zauna cin tuwo na ga yadda yake tura loma da yatsa zuwa maƙogwaro.

Tabawa ta ce, "Shekara goma sha takwas ke nan da yanke masa harshe. An ce ya nutsar da kayan wani da gangan. Bai yi ba. Amma mijin nawa mai i'ina ne, maganar da kai za ka yi kafin ƙiftawar ido, shi sai ya wuni a kanta."

Na ajiye lomar da ke hannuna. Na riƙa lasar haƙorana ɗaya bayan ɗaya, kamar mai sallama da 'yan uwa.

Kashegari da safe ta sa ni in cika babbar tukunya da ruwan gaɓa. Hankalina ba ya jikina, na cika ta fal har baki, na iza wuta. Ba a jima ba ruwa ya fara gangarowa yana kashe garwashi.

"Kai, wane sakaran ne ya raine ka? Ana cika tukunya fal a kan wuta?"

"Ai ba ta tafasa ba, Inna."

"Sai ta tafasa? Ruwa in ya ji zafi tashi yake yi. Wannan ko 'yar shekara bakwai ta sani."

Na tsaya da itace a hannu. Na ce, "Inna, wa ya yi wa tukunyar nan ƙarya?"

"Wace irin ƙarya kuma?"

"Ba wanda ya ce uffan a nan, ga shi ta zuba. Kin taɓa ganin inda ake ajiye tulun shaida?"

"Ina ni ina tsakar gidan alƙali."

Na gaya mata baƙin dutse, da tagulla, da ruwan sanyi, da ranar hantsi zuwa azahar. Ta zauna a kan kujerarta a hankali, ludayi a hannu, ta daɗe tana kallon mijinta yana gyaran igiya can bakin ruwa. Matan birnin duk sun san halin ruwa a kan wuta, amma ba su taɓa ganin tulun ba. Mazan sun san tulun, amma ba su taɓa ɗora tukunya ba. Haka suka zauna shekara ɗaruruwa, katanga ɗaya ce tsakani.

Rana ta uku na koma gaban alƙali, na durƙusa na ce, "Allah ya gafarta malam, ruwan rijiyar nan ya riga ya tsane ni. A kawo wanda bai taɓa jin muryata ba, daga maɓuɓɓugar zafi ta bayan gari. Kuma a bari sai la'asar, don a garinmu gaskiya ba ta fita da safe."

Bai sami dokar da ta hana ba. Aka cika tulu da ruwa mai tururi, aka ɗaura zare, inuwar katanga ta rufe baƙin dutse. Na fara magana ina satar kallon wuyan. Ruwan ya ja baya yatsa ɗaya. Ya ja biyu. Ruwa mai hucewa tsukewa yake yi, ko me aka faɗa a gabansa.

Ya kamata in tsaya nan. Amma ku dubi halin da nake ciki: ga taro, ga tulu yana gaskata ni. Na dawo da kadan, na ƙara masa ƙani. Na ce na haɗiye tsawa, na ce na yi wa giwa aski. Na ce a duniya ba matuƙin jirgi kamata, ko buhun gishiri arba'in aka loda mini zan ƙetare tafkinsu ban rasa ko ɗaya ba. Kafin in gama ruwan ya ɓace daga wuyan gaba ɗaya. Dogarai suka riƙe baki. Wani tsoho ya zo ya taɓa rigata ya shafa a fuska.

Alƙali ya dube ni, ya dubi tulun, ya dubi inuwa. Ya ce, "Ruwa ya ce duk gaskiya ne. Madalla. Giwa ba mu da ita, tsawa ba lokacinta ba ne, amma tafki ga shi nan. Gobe ka kai buhu arba'in ƙetare, wakilina zai ƙirga. In ɗaya ya ɓata, hukuncin farko yana nan."

Ni da ko ƙwarya ban taɓa tuƙawa ba.

Da gari ya waye aka loda kwalekwalen Baba Korau. Shi ya shiga baya da filafilin tuƙi, ni na zauna gaba ina nuna hanya da hannu don mutanen gaɓa su gani. Jirgin ya nutse har saura yatsu uku tsakanin bakinsa da ruwa. Na ce da sauƙi, ai ba iska.

Muka yi nisa, ruwa ya fara ɗumi. Na sa yatsu na auna, sai na ga biyu da rabi. Na duba ƙasan jirgin, ba ya yoyo, ba wanda ya ƙara mana kaya. Muka ƙara gaba, biyu.

"Baba, jirginka sauka yake yi."

Ya gyaɗa kai, kamar na ce masa rana ta fito. Ya nuna wani dutse a gabanmu, daidai inda tururi ya fara kauri. A kansa ga tarin tsofaffin buhuna sun ruɓe. Tabawa ta gaya mini tun daren jiya: matuƙa sun ce aljanin tsakiya ne ke jan jirgi ƙasa, don haka kowa ke sauke masa buhu biyu a kan dutsen, sai ya sassauta. Haka suke yi tun kakanni, kuma yana yi musu aiki.

Na zauna na haɗa abin da kaina, ba malami ba allo. Ruwan tukunya ɗaya in ya ji zafi sai ya nemi wurin da ya fi tukunya, alhali ba a ƙara masa ko ɗigo ba. To kenan in ka ɗebi ƙwarya ɗaya ta ruwan zafi, ba za ta kai ƙwarya ɗaya ta ruwan sanyi nauyi ba. Ruwan da ya rasa nauyi kuwa ba zai tallabi jirgi kamar da ba, dole jirgin ya ƙara shiga ciki kafin ya tsaya. Ba aljani ba ne. Buhu biyun nan nauyi kawai suke ragewa.

Na ji daɗin kaina ƙwarai, na ɗan lokaci. Sai na tuna ni ba ni da buhu biyun bayarwa.

Muka tsaya jikin dutsen. Na ce, "Baba, in na sauke biyu, harshena ya tafi. In ban sauke ba, mu dahu ni da kai. Ka ga wata hanya?"

Ya dubi buhunan, ya dubi cikinsa. Ya ɗaga yatsu biyu, ya bugi ƙirjinsa. Kafin in gane, ya miƙa mini filafili, ya taka dutsen ya fita. Jirgin ya ɗago.

"A'a, Baba, tsaya mu yi shawara. Maganar tuƙin nan, akwai ɗan ƙari a cikinta."

Ya yi wani sauti a maƙogwaro, ina jin dariya ce. Ya kama hannuna ya nuna mini yadda ake tsoma filafili a hankali, sau biyu dama, sau biyu hagu, ya nuna wani tsauni mai kai biyu can gaba, ya sa ƙafa ya tura jirgin.

Na shiga tururi. Ba na ganin komai sai kan tsaunin jefi-jefi. Ruwa na ɓulɓula ta gefe, filafilin ya yi zafi a hannuna, kifi ko ɗaya babu. Jirgin ya sake sauka zuwa yatsu biyu, biyun suka koma ɗaya da rabi. Na jefar da dutsen ɗaure jirgi. Na jefar da jakata, da takalmana, da gorar ruwa, da wata sarƙar ƙarfe da na aro a ƙasar kaji masu ƙaho ba tare da sanin mai ita ba. Saura yatsa ɗaya. Wani ɗan ruwa ya tsallako ya sauka a kan ƙafata, na ji kamar an ɗora mini garwashi, amma ban motsa ba, don motsi ɗaya zai karkata jirgin. Atishawa ta zo mini, na roƙe ta da girman Allah ta koma. Sau biyu dama, sau biyu hagu. Na yi wa Ubangiji alkawura da yawa a wurin nan, waɗansu ma na cika.

Ban san tsawon lokacin ba. Sai na ji iska ta ɗan taɓa mini goshi. Tururi ya yi shara-shara. Na sa yatsu a gefe: ɗaya da rabi. Can biyu. Can uku, har da ɗan ƙari. Na tsoma hannu a ruwa na ji sanyi, na ɗiba na wanke fuska, na yi atishawar nan har sau huɗu, kowace da hamdala.

Wakilin alƙali ya ƙirga buhuna a gaɓa, arba'in cif, ya ba ni sandar shaida. Bayansa ga hanya ta miƙe zuwa gabas, ba dogari ba katanga. Na tsaya na kalle ta sosai. Ba zan ɓoye muku ba, har na taka ta taki goma. Sai na tuna wani ƙaton tsoho zaune kan dutse cikin tururi, ba shi da bakin kiran kowa. Na koma jirgi ina zagin kaina. Jirgi ba kaya kamar ganye yake, na sami Baba Korau zaune yana fifita da hula.

Da muka dawo gari na zaci an gama. Alƙali ya karɓi sanda ya juya ta, ya ce, "Ka kai. Saura ka ba da bayanin tafiyar gaban tulu, kamar yadda kowane ɗan aike ke yi. Gobe da hantsi, ruwan rijiya. Ina da tambaya saba'in."

Na gane ya gano ni, yana so tulun ya rama.

Da hantsi tsakar gida ta cika, matan gari suka taru a ƙofa, Tabawa a gaba. Aka cika tulu da ruwan sanyi, aka ɗaura zare. Dogari na gefe da 'yar wuƙarsa a cikin tsumma.

Na ce, "Allah ya gafarta malam, ina da mai shaida. Doka ta ce mai shaida ke fara tsayawa, kuma ba a katse shi sai ya ce ya gama. Ko ba haka ba?"

"Haka ne. Wane ne?"

Baba Korau ya tako ya tsaya gaban tulun, inda ya tsaya shekara goma sha takwas da suka wuce. Ya harɗe hannu a ƙirji, baki a rufe.

Alƙali ya buɗe baki zai yi magana, sai ya fasa. Dokarsa ce. Aka zauna. Rana ta hau, dutse ya ɗauki zafi, ba ka jin komai sai kukan kurciya a kan katanga. Ruwa ya hau yatsa ɗaya. Ya hau biyu. Mutane suka fara duban juna. Ya taɓa zare, ya wuce, ya ci gaba da hawa a gaban mutumin da ba shi da abin yin ƙarya. Da azahar ta gabato ya kai baki ya gangaro, yana tsuwa a kan baƙin dutse.

Daga ƙofa muryar Tabawa ta shigo, ba da ƙarfi ba. "Malam, me ya ce?"

Alƙali Mijinyawa ya dubi tulun. Ya tashi, ya je ya ɗora tafin hannunsa a jikin tagullar, ya janye da sauri. Sannan ya kwance jan zaren da kansa, ya naɗe shi a yatsa, ya ce wa dogari ya mai da wuƙar gida. Ya juya ga Baba Korau ya cire rawaninsa, abin da aka ce alƙalin Darzuma bai taɓa yi a gaban kowa ba. Tsohon ya dube shi kawai, ya juya ya nufi ƙofa wurin matarsa.

Ni kuwa alƙali ya ce mini, "Kai maƙaryaci ne, na sani, kai ma ka sani. Amma ba ni da abin auna ka. Ɗauki harshenka ka bar mini gari."

Ban jira ya maimaita ba. Baba Korau ya ƙetare da ni da la'asar, Tabawa ta ƙulla mini gishiri da dambu a tsumma, ta ce in rage surutu. Na ce to.

Da na hau hanyar gabas, ba takalmi ba jaka, ƙafa ɗaya da ƙuna, na sami inuwar wata bishiya na zauna. Na sa haƙori na ciji harshen nan da ƙarfi. Ya yi zafi har hawaye ya fito mini. Ban taɓa jin abu mai daɗi kamarsa ba.

Nan hikayar ta tsaya, da godiya ga Mai ruwa da wuta.